Laifin Babban Yatsana

Zuwa ga sanyin idona, inuwar kwakwata a tsakar rana, gaɓar da zuciyata ke hutawa in ta gaji da iyo, Baban Shiuna.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a tsibirin aikinka.

Jiya ina kankare kwakwa ƙanwarka Sanfa ta shigo. Ta ce wai kana neman mai sayen tulun iskarka, ƙarshen wata za ka bar nutso ka koma tsaron kanti, saboda ka ga irin tsoron teku da ke cina. Har da tsiyarta: "Yaya, kin jawo kifi tudu, sai ki san da me za ki shayar da shi." Tana fita na nemo takarda. Laifin nawa ne, kuma shirun da ya bar mutum cikin kuskure ƙanin ƙarya ne.

Ka tuna safiyar da ka kai ni wurin nutsattsen jirgin ruwan nan na bayan tsibirinmu? Shekara ashirin da uku kana lallashina. Ban yarda ba sai da ka samo mini rigar da ta rufe ni ruf, kuma sai da ka tabbatar mini sau uku cewa ba mamaci a ciki, duk ma'aikatansa sun tsira. A kwalekwale kana koya mini maganar hannu ta masu nutso, ni kuwa ina ta gyaɗa kai. Ga gaskiyar da na ɓoye: addu'a nake ja a zuci, rabin karatunka bai shiga kunnena ba.

Da muka sauka, gaba shida kacal, sai ga shi! Kwance a gefe guda kamar dattijon da ya kishingiɗa bayan azahar, murjani ya ɗinka masa riga, ja da ruwan hoda. Tun muna yara muke karanta sunan murjani a gaban malam, ashe ban san abin da bakina ke faɗa ba. Ƙananan kifaye rawaya na shiga taga suna fita kamar 'yan biki. Kififiya ta zauna a mazaunin matuƙi, ko kallo ba mu ishe ta ba. Hasken rana ya zubo igiya-igiya.

Amma duk ba su kai ka ba. Kai da gwiwa ke damunka a tudu, kai da kofi ba ya kwana biyu a hannunka, wa ya koya maka tashi ba fiffike? Wace tsuntsuwa ce ta taɓa juyawa da irin natsuwarka? Ka miƙa yatsa kusa da murjani ba ka taɓa ba, kamar mai nuna aya. A nan na ga mijina sosai, bayan 'ya'ya uku.

Zuciyata ta cika, baki kuma a toshe da bututun iska. Sai na ɗaga maka babban yatsa, nufina madalla. Ina na san a wurinku ma'anarsa "fitar da ni"? Ka kama hannuna, muka hau a hankali, jirgin yana dusashewa a ƙarƙashina. A sama ka ga hawayena, ka ce, "Yafe mini, Maman Shiuna, na matsa miki." Mai kwalekwale na ji, kunya ta ɗaure mini harshe. Wata huɗu ke nan ina barinka kana ba da haƙuri a kan kyautar da ba wanda ya taɓa yi mini irinta.

Kukan a bar ni a can ne, ba na a fitar da ni ba.

Don Allah, ruwan raina, kada ka sayar da tulun nan. Tsoro ina da shi, ba zan musa ba, duk fitarka sai na raka ka da addu'a. Amma gara tsoron nan da in gan ka bushe a bayan kanta. Ka dawo kafin iskar yamma ta dagula ruwa, ka mayar da ni inda ka ɗauko ni. Wannan karon zan gama addu'ata tun a gida.

Na je wurin mai kwalekwale na ajiye kunya na tambaya. Ya ce a haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe, shi ne "lafiya lau". Ga shi na zana maka a ƙasan takarda, ya ɗan karkace.

Taka ce ni a tudu da ƙarƙashin ruwa, har numfashin ƙarshe,

Maman Shiuna