Shi ya raɗa wa tanona gadon jego, yau shi ke buƙatarsa

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, ka ɓoye mini suna da lamba, don akwai mutanen yankinmu da yawa a ciki. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da rubutuna, da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci, a hankali nake haɗa baƙaƙe. Amma na gwammace in rubuta da kaina da in ba wani, don maganar ta shafi asirin mutum.

Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Karofane, gero da dawa da damina, albasa a fadama da rani. Muna da wata ƙaramar tarakta ni da taubashina, mu ce sunansa Illa, ɗan ƙanwar mahaifina ne. Haɗa hannu muka yi muka saye ta bayan ya dawo daga ci-rani a Abijan. Shi ke tuƙi, ni ke kula da cinta da shanta. Da ita muke gyara gonakinmu, da ita muke yi wa mutane aiki, gida biyu ke ci a bayanta.

Gazuwal ɗin da take sha, wato man dizal, daga Buza ake kawo mana shi a amalanken jaki, cikin bido, wato manyan jarkoki rawayan nan. Duk wanda ya taɓa ɗaga cikakken bido zuwa bakin tankin tarakta, ya riƙe shi a ƙirji yana jiran ya tsiyaye, ya san abin da nake faɗi. Ni na daɗe ina yin haka, har ƙaba ta fito mini a mara, hanji na turowa. Aka yi mini aiki a Madawa, lokotoro, wato likita, ya ce in na sake ɗaga abin da ya fi butar alwala nauyi, kada in dawo masa da kuka.

Ina kwance ina jinya na yi ta tunani, don tarakta ba ta san mai ita ba shi da lafiya ba. Bayan gidana gangare ne, kamar yawancin gidajen Adar, hanya a sama, fili a ƙasa. Da na samu sauƙi na nemo tano, wato babbar gangar ƙarfe, na kai wa mai walda ya sa masa robine, wato kan famfo. Na sa aka jera duwatsu a tsakiyar gangaren yadda muke ɗora rumbu, aka kwantar da tanon a kai, gindinsa ya ɗan yi ƙasa don ruwa da datti su taru can baya, kada su bi robine. Na kafa masa rumfar zana saboda rana, nesa da murhu. Mai amalanke ya tsaya a hanya ta sama, a zura tiyo cikin bido yana kan amalanken, a matsa ɗan famfon roba, gazuwal ya gangaro cikin tano da kansa. Tarakta kuma ta tsaya a ƙasa, a sa wani tiyon a tanki, a murɗa robine. Babu mai ɗaga komai, babu mai zuƙar tiyo da baki, ko ɗigo ba ya zuba a ƙasa.

Ranar da Illa ya ga wannan aiki ya zagaya shi, ya riƙe ƙugu, ya fashe da dariya, ya ce wannan ai gadon jego ne na gina. Wai tano ya kwanta kan duwatsu kamar mace mai jego a gadon ƙasa, saura a hura masa wuta a dama masa kunun kanwa. Ya je fadar samari da ke gindin bedi, wato dogon yaro, inda ake wuni ana shan shayi, ya ce musu an tsaga mini ciki a Madawa na haihu, yanzu na yi wa kaina ɗakin jego. Tun daga ranar sunan ya bi gari. In na wuce sai ka ji an ce, "Mai jego, ya ruwan zafi?" Ko a masallaci in na tsaya ɗaura takalmi sai wani ya sunkuyo ya ce a hankali dai, kada ɗinki ya kwance.

Kun san dokar taubasantaka. Taubashi ya faɗa maka abin da ya ga dama, in ka yi fushi kai ne abin dariya. Na haɗiye, nakan mayar masa da ɗan abin da ya samu, in wuce. Abin da ya ba ni haushi ba sunan ba ne. Illa ya rantse a gaban mutane cewa muddin shi ke tuƙin taraktar nan ba za ta sha daga gadon jego ba, wai namiji da hannunsa yake shayar da ita. Sai ya zama duk ranar da amalanke ya zo, ya tare shi a gindin bedi, ya tuɓe riga, ya sungumi bido ya ɗora a kafaɗa, ya juye a tanki ba ko mazurari, gazuwal na bin jikin inji yana bin wandonsa, iska na zuba ƙasa a bakin tanki. 'Yan fada kuma suna ihu suna ce masa namijin duniya. Mutanen da ko buhun gero ba su taɓa saukewa ba, abin da suka fi ɗagawa a rayuwarsu kofin shayi ne, su ne alƙalan ƙarfi. Shi kuma babban mutum mai iyali, furfura ta fara fito masa, yana warin gazuwal kamar tsumman makanise, yana washe baki don marasa aikin yi sun tafa masa. Wallahi in na tsaya ina kallonsa tausayi ba ya zo mini, raini ke zuwa. Sai in ya tafi wani gari nake sa a gangaro da taraktar in cika ta a natse.

To ga inda maganar take. Kwanakin baya da safe na biyo ta bayan rumbunsa, na same shi ya jingina da bango ya zura hannu a mara yana dannawa, fuska duk gumi. Da ya gan ni ya yi maza ya ce tazuge yake gyarawa. Na ce to. Amma na ga ƙyallen da ya tamke mararsa da shi a ƙarƙashin riga, kuma ni na san wannan ɗaurin, na yi shi kafin a kai ni Madawa. Bayan nan matarsa ta shigo wajen matata, ta yi ta kewaye-kewaye, wai wani ɗan uwanta ne a Tama yake son sanin wane lokotoro ya yi mini aiki, kuma ko da zafi. Ita ba ta da kowa a Tama, duk mun san danginta.

Sai ga shi da kansa ya same ni a fadama ina duba irin albasa. Bai ce yana ciwo ba, ina, Illa ne fa. Cewa ya yi ya tausaya mini, wai gangaren nan yana wahal da ni, mu ɗauke tanon mu kai cikin gidansa bayan katanga, inda ba mai gani. Na ce masa gidanka fili ne shimfiɗaɗɗe, gazuwal ba ya hawa sama, kuma wurin da kake faɗi jikin madafi ne, yara na wasa a nan. Ya ce ni dai mai jego ba na rabuwa da tsoro. Na dube shi na ce, "Illa, wa ya haihu a gidanku?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya kaɗe riga ya tafi, yana tafiya yana buɗa ƙafa kamar wanda aka yi wa kaciya.

Washegari amalanke ya zo, na ce yau dai zai ji tsoron Allah. Sai ga shi ya tuɓe riga, ƙyallen yana ɓoye cikin wando, ya ɗaga bido. Na ga yadda ya cije leɓe, 'yan fada ba su ga komai ba, ihu suke. Mutum ya haƙa rami da bakinsa ya faɗa ciki, kuma ya fi son hanjinsa ya shaƙe da a ce masa mai jego. Lokotoro ya gaya mini in ƙaba ta fito ta ƙi komawa, ba ta jiran a nemo mota, kuma kun san hanyarmu zuwa Madawa.

Na yi masa magana mu biyu, ya musa. Na ce in gaya wa gwaggo, mahaifiyarsa, amma tsohuwa ce mai hawan jini, kuma ba jin maganarta yake ba. Hanya ɗaya nake gani, ita ce wadda ya bi da ni. Duk garin nan ni kaɗai nake da ikon in tsaya a gindin bedi in ce Illa ma ya haihu, a shirya kunun kanwa, ba wanda zai ce na yi laifi, wasan taubasai ne. In na faɗa, 'yan fada za su juya kansa, ba sauran jarumtar da zai kare, dole ya ajiye bido ya tafi asibiti. Matata ta ce kada in yi, wai tona asirin ciwon namiji ba wasa ba ne, zai iya raba mu da tarakta da zumunci gaba ɗaya, ga aikin albasa ya taso. Ta kuma ce in duba zuciyata, ceto nake so ko ramuwa. Na ce mata duka biyun, ba zan yi ƙarya ba, na daɗe ina jin wannan suna a kunnena.

Ranar kasuwa mai zuwa amalanke zai sake kawo gazuwal, kuma na san zai tuɓe riga. Jama'a, mi zan yi? In rufa masa asiri in bar shi ya ci gaba da yi wa masu shan shayi wasa har cikinsa ya fashe, ko in yi amfani da bakin taubashi in kunyata shi ya rayu? In akwai wata hanya da ban gani ba, ku nuna mini. Gadon jego dai yana nan bayan gidana a share, robine na aiki, kuma yana ɗaukar mutum biyu.