Takalman Ɗaukar Hoto

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya mai kewar uwa. Yaya jikin Kaka? Allah Ya ƙara mata sauƙi, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Mu nan lafiya lau, sai dai gidan ya yi mana faɗi tun da kika tafi.

Albishirinki, Umma: na ci jarrabawar ƙarshe. Ƙarshen wata za a yaye mu a babban zauren makarantar koyon jinya, kuma an ba kowace ɗaliba kujerar baƙo guda. Tunda ke ba za ki samu zuwa ba, kujerar ta Baba ce. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba mai wuce ƙofar zauren sai ya nuna katin shaida mai hoto, mijinki kuwa ko fallen takarda ba shi da shi. Kin kuma san tun ranar da aka sauke shi daga bas, ya wuni a ofishin 'yan sanda don ba shi da abin nunawa, bai sake ƙetare gadar sama ba. Daga gida sai shagonsa na takalma, daga shago sai gida. Zauren nan kuwa yana can hayin gadar.

Allah da ikonsa, hukumar birni ta fara ba duk mazaunin garin nan kati mai hoto. Ba ruwansu da inda aka haife ka, maƙwabci mai kati kawai za ka kawo ya shaida nan kake zaune. Mai aski na jikin shagon Baba tuni ya karɓi nasa, ya rataya a wuya yana ta yi wa layi fankama. Ya ce zai tsaya wa Baba. Kin dai san su da gardamarsu ta shekara da shekaru: mai aski ya ce daga kai ake gane mutum, Baba ya ce daga ƙafa. Saboda wannan gardamar ce fa har yau Baba ke aske kansa da reza a tsakar gida, gaba ta yi tas, ƙeya kamar ɓera ya gaigaya.

Na yi ta lallashi, daga ƙarshe Baba ya yarda, amma ya ce a ba shi 'yan kwanaki ya shirya. Na ga ya sauko da fatar nan mai kyau da yake ɓoyo a saman kanta. Ki taya ni da addu'a, don in na waiga ranar nan na ga kujerar ba kowa, ban san yadda zan yi ba.

Ki gaida Kaka da su Kawu.

Taki,
Auta

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, kuma Kaka ta samu barci. Ki yi haƙuri da rubutuna, raina a ɓace yake.

Ashe shirin da Baba ke yi, takalma yake ɗinka wa kansa domin hoton. Umma, ban taɓa ganin irinsu ba. Ɗinkin basilla a jere kamar haƙoran yaro, ya goge su har kina ganin fuskarki a ciki. Ya ƙi ya taka ƙasa da su, a leda ya riƙe su muka tafi, sai a ƙofar ofishin ya zauna bisa dakali ya saka.

Mun bi layi, mai aski ya sa hannu, komai ya tafi daidai. Aka shigar da Baba wani ɗan ɗaki mai farin labule da kujera guda. Ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya janye bakin wando. Mai ɗaukar hoton, wata yarinya sa'ata mai fara'a, ta ce ya ɗago haɓarsa. Ya ce ta ja na'urar baya tukuna, don daga inda take ba za ta samu ƙafa ba. Cikin ladabi ta gaya masa cewa daga kafaɗa zuwa sama kawai ake ɗauka.

Da ma a nan aka tsaya! Sai mai aski ya leƙo ta ƙofa ya ce, "To, alhamdulillahi, yau hukuma da kanta ta raba gardama." Mutanen layi suka kwashe da dariya. Baba ya sauke ƙafarsa. Ya miƙe, ya tuɓe takalman, ya mayar a leda, ya yi ficewarsa.

A gida na gaya masa abin da ke raina. Na ce to shi ke nan, gobe zan je in ce a ba wa wata ɗaliba kujerar, tunda gardamarsa da mai aski ta fi masa ni. Na san na ɗaga murya fiye da yadda ya kamata, amma Umma, shekarun karatun nan duka da kuɗin gyaran dunduniyar mutane na yi su. Wa zan so ya gan ni in ba shi ba? Tun jiya ba mu yi magana ba.

Taki mai neman addu'a,
Auta

Zuwa ga Ummata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin labarin cewa Kaka ta fara zama da kanta, Allah Ya ƙaro lafiya. Ki gyara zama, don yau bakina ya ƙi rufuwa.

Washegarin wasiƙar da na aiko miki, na fito zan tafi makaranta, sai na ga mutane sun taru a ƙofar shagon aski. Na leƙa. Baba ne zaune a kujerar mai aski, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya haɗe rai kamar wanda za a cire wa haƙori. Ina ji ya ce, "Ka yi aikinka da kyau, kuma ka yi mini shiru. Ba don kai na zauna ba, don Auta ne." Wallahi nan take mai aski ya shiga aikinsa. Ya yi masa askin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, har gashin baki ya daidaita, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Ni dai na koma bayan shago na sha kukana.

Daga nan suka koma ofishin tare, aka ɗauki hoton, aka ba Baba katinsa. Hoton ya yi kyau, Umma. In kin gani sai kin sake son mijinki.

Ranar yaye mu tare muka hau bas. Da muka kai tsakiyar gadar sama na ga ya dafe aljihun ƙirjinsa inda katin yake, bai sauke hannun ba sai da muka sauka. A ƙofar zauren mutane sun yi layi, wasu da manyan riguna, Baba a tsakiyarsu. Da aka zo kansa ya zaro katin ya miƙa da hannu biyu. Mai gadin ya dubi hoton, ya dubi Baba, sannan ya karanta sunansa cikakke, har da na mahaifinsa, ya ce, "Bismillah, ranka ya daɗe, a shiga."

Umma, a garin nan kowa Mai Takalma yake ce masa. Ni kaina na manta rabon da in ji an kira sunan nan a bainar jama'a. Baba ya tsaya cak, ya karkato da kai, ya ce wa mai gadin bai ji ba, ya maimaita. Mutumin ya ɗaga murya ya sake karantawa, har na ƙarshen layi suka ji. Sannan Baba ya karɓi katinsa, ya gyara wuyan riga, ya wuce gabana zuwa kujerarsa.

Ke dai kin san kunnen Baba lafiyarsa ƙalau.

Yana gaishe ki, ya ce ki gaya wa Kaka da kansa zai zo ya ɗauke ki.

Taki har kullum,
Auta, ma'aikaciyar jinya