Motar Baba da Ƙofar Kaka

Zuwa ga Yayata Viorica,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, daga nan Botiza har zuwa Torino. Ina roƙon Ubangiji Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Costel da yara, Ya kuma sauƙaƙe miki ciwon bayan da ɗaga tsohuwar da kike jinya ya jawo miki. Mu nan lafiya lau. An gama yankan ciyawa na farko, rana ta yi mana kirki har muka tara ba ta jiƙe ba. Saniya ta haihu, mace. Goggo Paraschiva ƙafa ta matsa mata, amma bakin yana nan yadda kika bar shi. Na share kabarin Mama, furannin da kika ce a shuka sun kama.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin a waya ke ki ɗaga murya ni in ɗaga, a tashi ba wanda ya ji wani. Kin san bakina. A takarda aƙalla ina iya soke abin da bai dace ba, kuma na soke da yawa. Maganar motar Baba ce.

Ke hotuna kike gani, ni kuwa da mutumin nake kwana nake tashi. Bayan rasuwar Mama, Baba ya zauna a kan bencin bakin ɗaki kamar an dasa shi. In na kawo tuwon masara da cuku ya ɗan taɓa ya ture. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauko da gungume daga kan duwatsu a babbar mota, ya koma ko kaji ba ya kora. Sai likitan ido na garin Sighet ya gaya masa idon hagu yana tafiya, kuma da wuya a sabunta masa lasin in kaka ta yi. Na ɗauka ranar zai ƙarasa karyewa. Muna dawowa ya wuce rumfa, ya yaye tamfol daga kan tsohuwar motar dajinsa, ya ce yana so ya bi hanyoyin dutsen nan duka da hannunsa a kan sitiyari tun idon yana gani. Rani ɗaya ya rage masa, Yaya. Wannan da muke ciki.

Duk sanyin bana a tsakar gida muka yi shi. Ya sa sababbin sifirin masu tauri, motar ta ɗaga sama. Ya sayo tayoyi masu manyan haƙora, ya ɗaura injin ja mai igiyar ƙarfe a gaba don in ta maƙale a laka, ya shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashi kada dutse ya fasa cikin inji. Akwai bututun shaƙar iska da ya hau gefen gilashi saboda ƙetare rafi, da jarkoki, da tantin da ake buɗewa a kan rufi. Takardun bayanin kayan nan duk cikin harsunan da ba ma ji suke, ni ke zama da ƙamus ina tsinto ma'ana, shi yana tsaye da sifana yana cewa yau dai karatun banzan nan nawa ya yi rana. Na ce masa da ya bar ni na ƙarasa makaranta da ba mu kai magariba a shafi ɗaya ba. Ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyar nan tun Mama na da rai. Sai kuma kejin ƙarfen da ke da kanki kika ce ba ki yarda ya je ko'ina ba sai da shi, don kada rufi ya danne shi in motar ta kife. Ya ji maganarki, ya yi masa walda da gindin motar, ba ya ciruwa.

Ranar gwaji ya tayar da ita, ya nufi ƙofa, sai ya taka birki. Yaya, mu biyu da idanu uku masu kyau, babu wanda ya tuna ya auna ƙofar Kaka, babbar ƙofar katakon nan mai rufi ta shiga gidanmu. Motar ta fi ta tsawo. Kafin mu gama kallon juna rabin unguwa sun taru. Kawu Tanase ya riƙe ciki yana cewa Gavrila, wato Baba, ya yi kiwon sa a cikin akurki, Goggo kuma ta ce a zuba ƙasa a ciki a shuka albasa, aƙalla a ci wani abu. Muka sauke tanti, muka sace iskar tayoyi har suka kwanta, duk da haka kejin yana dukan katakon sama da kusan tafin hannu. Haƙa ƙasa ba ta yiwuwa, don dokin ƙofar ne ke riƙe da ginshiƙan. Kawu ya ce a ɓalle shingen baya a fita ta gonarsa. Baba ya dube shi ya ce ta ƙofar nan aka shigo da amaryarsa, ta nan ya fita zuwa soja, ta nan aka fitar da akwatin matarsa, ba zai soma tafiya irin wannan ta bayan gida kamar ɓarawon kaza ba. Kin san mutanenmu, nan take Kawu ya janye shawararsa.

Da yamma kika kira, aka ba ki labari, kika ce Allah ne Ya tsare, kuma kada wanda ya kuskura ya taɓa ƙofar da Kaka ya sassaƙa da hannunsa. Nan ne na soke layuka da yawa. Na san tsoro ne ya sa ki, ni ma ina jinsa. Amma yaushe rabonki da ki tsaya a ƙarƙashin ƙofar nan? Baba bai yi musu ba. Bai ma roƙe ni ba, don ya san a al'ada gida da ƙofarsa na auta ne, wato ni, ya ce ba zai ɓata mini gado saboda yawon tsoho ba. Ya mayar da tamfol ya rufe motar, ya koma kan bencin nan. Washegari na kai masa abinci ya ture.

To, tunda ƙofar tawa ce, na kira gayya ranar Asabar. Kaka bai sa ƙusar ƙarfe ko ɗaya ba, duk turakun katako ne, muka bi su a hankali muna fitarwa. Muka rataya igiyar injin ja a reshen babbar bishiyar tsakar gida, maza suka riƙe ta gefe da igiyoyi, aka ɗaga kan ƙofar gaba ɗaya da rufinsa. Aikin farko da injin nan ya yi ke nan. Ba zan ɓoye miki ba, wajen saukewa katakon sama ya tsage ta gefen dama, tsagar ta ratsa zanen igiyar da Kaka ya sassaƙa. Mun ɗaure, mun manne, amma duk mai ido zai gani har abada. Na ji ciwonsa fiye da yadda nake zato. In za ki yi faɗa, da ni za ki yi.

Baba ya fitar da motar tsakanin ginshiƙai biyu, sama a buɗe, mutane na ihu. Ya tsaya a titi ya kashe inji. Ya ce shi bai fita ba tukuna. Yana tsaye muka mayar da kan ƙofar muka buga turaku, ana zagayawa da kwalbar horinka, barasar nan tamu ta gida, shi ko ɗigo bai sha ba. Da aka gama ya koma cikin gida da ƙafa, ya cire hula, ya yi alamar gicciye, ya fito ta ƙarƙashin ƙofar yana shafa ginshiƙi. Sannan ya hau. Kawu Tanase ne a gefensa, wai shi ne idon hagu. Jiya sun kira daga wajen makiyayan duwatsun Rodna, Baba yana ƙorafin cewa Kawu ya cinye kitsen aladen da aka yi musu guzuri.

Abu ɗaya nake roƙo, Yaya. Zai kira ki, ya ce sai ya hau inda waya ke kamawa sosai. Kada ki tambaye shi ido, kada ki tambaye shi ƙofa. Ki tambaye shi hanya, ki bar shi ya yi ta zuba.

Ki gaishe mini da Costel, ki ce har yanzu ina jiran littafin da ya yi mini alkawari. Ki sumbaci Darius da Ilinca. Goggo Paraschiva na gaisuwa, ta ce ki rage aiki. Ubangiji Ya tsare ku, Ya dawo mana da ku lafiya.

Ƙaninki mai bakin nan, wanda ke ƙaunarki duk da haka,
Tiberiu