Baƙuwar da ta Sauka a Gonar Baba

Da sunan Allah Mai rahama. Daga ƙanenka Sahabi a Filinge, zuwa ga yayana Bawa a Sakkwato. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, matata Dijatu ta sauka, an sami ɗiya mace mai irin goshinka. Sai dai hankalina ba a kwance yake ba, kuma a kan gonar Baba ne.

Ka san filin da ke gab da gonarmu, inda sojojin Nasara suka ɗaure dawakinsu bara. Da ruwa ya sauka, wata ciyawa ta tsiro a wurin, wadda ko tsofaffin ƙasarmu ta Kurfai ba su taɓa gani ba. Ba ta miƙewa tsaye, rarrafe take yi kamar an shimfiɗa tabarma. Ganyenta ƙanana ne masu gashi, karanta ja, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta kafa saiwa. 'Ya'yanta na da ƙaho biyu da ke maƙalewa a jikin dabba. Na ɗauka tsidau ce, amma wannan ko jaki ya sunsuna sai ya kau da kai. Abin da ke ta da mini tsikar jiki shi ne shirun wurin. Ka tsaya a cikinta da rana tsaka, babu tururuwa, ko fara ba ta sauka.

Da yake ba a san wanda ya aiko ta ba, mutanen ƙauyenmu suka ji tsoron sa mata sunan raini, suka riƙa kiranta Baƙuwa. Nan aka yi kuskure, Yaya. Gwaggo Tambara, wadda ke riƙe da tsafin gidanmu tun rasuwar Baba, ta ce ita ba a gidanta za a bar baƙo da ƙishirwa ba. Duk tsawon rani, lokacin da rana za ta gama da ita, Gwaggo na kai mata ƙwaryar ruwa kowace safiya. Ta rayu, ta tsallake shinge. Maƙwabcinmu Sule ya sa mata hauya a ɓoye, kowane guntu ya kama ƙasa ya zama uwa. Geronsa bana bai kai gwiwa ba.

Ni na gwada a gefe. In an tuge ta da hannu har saiwa kafin 'ya'yanta su nuna, aka tara a rami aka ƙone, ba ta dawowa. Amma ta riga ni. Ta bi tsakiyar gona siririya, ba ta karkata ba, har kushewar Baba, ta lulluɓe ta. Gwaggo ta ce Baba ne ya karɓi baƙuwarsa, wanda ya taɓa ta a can da Baba zai yi. Ni mai sallah ne, ka sani, har dariya na yi mata. Amma da na durƙusa a wurin, hannuna ya ƙi, kuma ba zan ɓoye maka ba, tsoro na ji. Kai ne babba, maganarka kaɗai Gwaggo za ta ji. Ka aiko da izinin tuge ta a kushewar tun damina ba ta yi nisa ba, don in ta zubar da iri bana, baɗi ba mu da inda za mu shuka.

Ka gaida mai ɗakinka Jummai da yara, su Haske da Safi. Dijatu na gaishe ku. Gwaggo ma na gaishe ka, ta ce kada ka wahalar da kanka da tafiya, Baƙuwa ta tambaye ta hanyar Sakkwato. Don Allah, kafin mai kawo takardar nan ya shiga gidanka, ka duba wutsiyar jakinsa.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenka,
Sahabi