Na Musanya Pompin Kamiyon Maigidana da Koren Baho

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu, ina yi muku sannu da aiki. Don Allah a ɓoye sunana. Masu saurin zagi kuma ku ɗan dakata ku kai ƙarshe, don duk abin da za ku ce mani na riga na ce wa kaina, har da ƙari.

Ni matar aure ce a Madarumfa, shekarata ashirin da shida a ɗakin mijina, ɗiyanmu biyar. Maigidana tsohon direba ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan hanyar Maraɗi da Katsina, har bayansa ya gaji ya aje aiki. Na ce alhamdu lillahi, yanzu zan ga mijina a gida. Ashe wani mushe ke jirana. A bayan gidanmu akwai tsohon kamiyo na mahaifinsa, irin masu dogon hancin nan da suka yi jigilar gyaɗa tun ba a haife ni ba. Tun da aka kawo ni gidan nan a kan duwatsu na iske shi, ba taya, ba gilashi, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsa, kajina na ƙwai a kujerar direba. Wallahi amfaninsa ke nan a duniya, kuma da an bar shi haka da ba ku ji ni ba. Sai rana ɗaya mutumin nan ya tashi ya ce shi fa ya yi wa kansa alkawari, sai ya tada motar Baba, ya tuƙa ta zuwa Safo ya ɗauko geron gonarsu kamar yadda tsoho ke yi. Safo fa! Inda amalanken jaki ke zuwa ya dawo a yini guda, ba tare da ya sha ko ɗigon gazuwal ba.

Ya je ya jawo amininsa, zan kira shi Ishaya ko da yake ba sunansa ba ne. Makanike ne, Kirista, tun suna samari suke tare. Matarsa Rifkatu ce ta riƙe ni ranar da na haifi Hadiza, ɗiyata ta fari. In Sallah ta zo cinyar rago gidansu take zuwa, in Kirsimeti ta zo shinkafarsu ce abincinmu na yini biyu. To wannan Ishaya da maigidana, gemu duk furfura, su ne suka shekara biyu suna birgima a ƙarƙashin mushen nan kamar waɗanda suka yar da allura. Ga kuma wata majalisar tsofaffi marasa aikin yi da ta taru a gindinsa, kowa ya zama gwani, wanda ko keke bai taɓa gyarawa ba shi ne mai ba da shawara. Wa ke dafa masu abinci? Ni. Zannuwan wa suka koma tsummokaran goge baƙin mai? Nawa. Farantina na aure, wanda ko baƙi ban cika fitar wa ba, a ciki na tarar suna wanke kusoshi. Da na yi magana sai maigidana ya ce, "Maman Hadiza, yi haƙuri, ranar da za ta tashi ke za ki zauna gaba." Ni da nake neman mai zama da ni a tsakar gida, wai kujerar kaji ake yi mani alkawari.

Akwai wani ƙarfe da suke kira pompin gazuwal, shi ke tura mai cikin moter, wato inji. Ishaya ya ce shi ne zuciyar motar, kuma irinsa ya ƙare a kasuwa, ko a Kano ba za a samu ba. Wata biyu ya yi yana kwance shi yana wankewa da wani ɗan buroshi kamar mai yi wa jariri wanka. Da ya gama, damina ta faɗi, zaurenmu na yoyo, sai suka naɗe shi a buhu suka kai ɗakin ajiyata, suka jingina shi da buhun garina. Ko sallama ba a yi mani ba, balle a tambaye ni. Bayan kwana kaɗan surukan Hadiza suka zo mana daga Ɗan Issa, na tuƙa tuwo na yi miyar kuka da kifin tafki, na zuba a kwanon da ya fi kyau. Uwar mijin Hadiza ta kai loma ɗaya, ta tsaya, ta shinshina, ta ce, "Hajiya, tashar mota kuka koma ne?" Matan da ta zo da su suka kwashe da dariya har da tafawa. Ɗiyata ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na yi dariyar yaƙe, don ashe garin ya sha warin gazuwal.

Washegari da hantsi maigidana ya tafi gaisuwar mutuwa, sai ga mai gwangwan da kurarsa cike da robobi yana kiran a kawo tsohon ƙarfe a karɓi roba. Kada in yi muku ƙarya in ce ban san ko mene ne ba. Na sani sarai. Na ja buhun har ƙofar gida, ya ɗaga ya ji nauyinsa, ya miƙo mani koren baho da bokiti. Na ma yi ciniki, jama'a, na ce sai ya ƙara mani moɗa. Ya ƙara. Na koma ciki ina jin daɗi kamar wadda ta ci gari.

Sati uku ba wanda ya lura. Ranar da suka zo ɗauka, maigidana ya juye ɗakin kaf, ya fito gumi na zuba ya ce, "Maman Hadiza, ina buhun da ke nan?" Na ce, "Ni na san tarkacenku? Wa ya aje shi? Ka tambayi wanda ya aje." Wannan maganar ita ce laifina na biyu, kuma ta fi na farko muni, don na ga lokacin da ta shiga kansa. Ya ce a duniya mutum biyu suka san inda yake da darajarsa, shi da Ishaya. Ya rantse ya ce duk wanda ya yi mishi wannan, ko a cikin gidansa yake, shi da shi har abada. Sannan ya fita gaban majalisar nan ya ce wa amininsa na shekara talatin da wani abu, "Nawa suka ba ka a ƙetaren iyaka?" Ina bayan katanga ina tsince wake, ina ji. Ishaya ya ce, "Ni kake tambaya haka?" Ya tattara ƙarafunan aikinsa ya aza a babur ya tafi. Tsofaffin nan da suka shekara biyu suna shan shayi a inuwar kamiyon, ko ɗaya bai ce a bincika ba. Kafin la'asar sun kai labarin bakin kasuwa, kowa na cewa dama shi ya daɗe yana zarginsa. Munafukai! Amma wace ce ni da zan kira wani munafuki, ni da wake a cinya?

Wata bakwai ke nan. Masu lambu da ke kai wa Ishaya injin ban-ruwa suka daina, wai kada a canza masu kaya. Garejinsa ya koma wurin kwanan awaki kamar kamiyon da. Sallah ta zo, cinyar rago ba ta fita gidanmu ba. Na haɗu da Rifkatu wurin masu kifi, ta dube ni ta ce, "Sannu Maman Hadiza, ya yara?" da idanu jajur, na amsa ina kallon ƙasa. Kuma kullum da wannan bahon nake wanki. Kun taɓa ganin marar kunya irina?

Ranar Litinin da ta wuce, da hantsi, maigidana ya tafi lambu, ina tsakar gida ina wanki sai na ji sallamar Ishaya a zaure. Na fito hannu duk kumfa, bahon a kunkumina. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ga buhu a gabansa. Ashe duk watannin nan bin jujin masu gwangwan yake, daga Maraɗi har Ɗan Issa, yana tona tarin ƙarafa da hannunsa, har ya samu pompin. Kuma mai kurar ya tuna. Ya ce mishi wata Hajiya ce a Madarumfa, gida mai mushen kamiyo, ta karɓi koren baho. Ishaya ya dubi bahon, ya ɗauke kai, ya ce, "Maman Hadiza, na sake wanke shi, lahiyarshi lau. Ki ba shi. Abin da kika ga dama ki hwaɗa mishi." Na ce, "Baban Saratu, ba za ka gaya mishi ba?" Ya ce, "Na san rantsuwar da ya yi, kuma na san halinshi, ba ya janye magana. Ya riga ya rasa aboki. In ya rasa mata, wa zai ba shi ruwa in bayan nan nashi ya tashi?" Ya juya ya tafi. Ku yarda da ni, a lokacin haushinsa na ji. Wa ya roƙe shi? Da ya zage ni, da ya tara mani unguwa, da na san yadda zan yi da bakina. Amma ya bar ni tsaye da baho kamar wata sakarya.

Me kuke tsammani na yi? Na tsaya na jira mijina na faɗi gaskiya? Ina! Na ja buhun na tura shi ƙarƙashin kamiyon, na koma wankina. Laifi na uku ke nan. Maigidana ya dawo ya gani, ya rungume ƙarfen nan yana hawaye, abin da bai yi ba ranar da na sha wuya a haihuwar autanmu. Sannan ya shigo yana cewa, "Kin gani ko? Kunya ta kama ɓarawo ya maido a ɓoye!" Na ce, "Uhm." To amma pompin ba ya ɗauruwa haka kawai, sai an daidaita shi da bugun moter, kuma duk yankin nan Ishaya kaɗai ya iya. Don haka maigidana ya yanke shawara, wai shi mai yafiya. Ya aika wa Ishaya cewa ranar Juma'a bayan masallaci ya zo gaban majalisa ya amsa laifinsa, a yafe mishi, sannan ya ɗaura pompin su ƙarasa aiki. Ni na ce a raina ai ba zai zo ba, wane mai hankali zai zo? Jiya ɗan aike ya dawo da amsa. Ishaya ya ce a gaya wa amininsa yana nan zuwa.

Dattijo mai jikoki zai tsaya gaban waɗannan tsofaffin banza ya ce shi ɓarawo ne, Rifkatu ta ji, ɗiyansa su ji, saboda tuwona ya yi warin mai. In na yi shiru, mushen nan zai tashi, a zaunar da ni gaba a kai ni Safo ana guɗa. In na yi magana, na san mijina, da furfurata zan koma gidan ƙanena, uwar mijin Hadiza ta samu abin dariya na shekara goma. Har yanzu in na dubi kamiyon nan tsaki nake yi, ban ga abin so a jikinsa ba, amma ban isa in ce shi ya ja mani ba. Ni na ja buhun da hannuna, har sau biyu.

Maigidana ya ce in dafa shinkafa mai yawa, wai bayan an yafe a ci tare. Yau Laraba, jibi Juma'a. Don Allah jama'a, me zan yi?