Jakar Ummi Ta Dawo Lafiya

Zuwa ga Hajiya Shugabar kwamitin da ya raba wa mata matafiya jakar kariya a Dutsin-Ma da Kurfi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, da fatan ke da iyalinki da sauran 'yan kwamiti kuna cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da ke cewa katin gayyatarku ya iso gidana ranar Laraba da hantsi. Sunan 'yata ne a jikinsa, wadda muke kira Ummi saboda sunan mahaifiyata gare ta. Kun nemi ta halarci bikin rabon jakunkuna zagaye na biyu, ta tsaya gaban mahalarta a matsayin wadda ta amfana da na farko, ta faɗi yadda kayan suka taimake ta. Ummi ba za ta samu zuwa ba. Ta rasu wata biyu da suka wuce a hanyar zuwa wurin aikinta, jakarku tana bisa cinyarta. Tun da shaida kuke nema, zan bayar a madadinta.

Na zaɓi in yi maganar a fili saboda dalili guda. Ƙanwarta, Nafisa, an tura ta koyarwar gwaji a wata makarantar ƙauye da ke kan wannan hanyar, kuma ana jiranta nan da mako biyu. Mahaifiyarsu ta ce ba inda za ta. Nafisa ba ta yi musu ba, amma ta goge kayanta ta jera a akwati. Ni ake jira in yanke, kuma in ba ta je ba ta rasa shekarar karatunta.

Na ɗaya, game da ingancin kayan. Ina shaida cewa kun zaɓo masu kyau. An dawo mini da jakar ranar da aka yi jana'iza, na buɗe ta bayan kwana uku. Tocila tana nan, na kunna ta kama. Usur yana nan da igiyarsa, ko ƙwarzane bai yi ba. Kwalbar feshin barkono cike take. Katin da ke ɗauke da lambar kiran gaggawa bai lanƙwashe ba, ko da yake a wurin da abin ya faru sai mutum ya hau tudu kafin wayarsa ta samu sabis. Ɗan littafin shawarwari ne kaɗai ya yi ƙura a gefe ɗaya. Duk abin da kwamiti ya ba ta ya tsira. Idan ana buƙatar wannan a rahoto, ana iya rubutawa, ni zan sa hannu.

Ba ina raina tsoron da ya sa kuka haɗa kayan ba ne. Duk wanda ke zaune a yankin nan ya san abin da ake gudu a daji, ya san kuma ba ƙarya ba ne. Ni kaina sai na ji muryar Ummi a waya ta ce ta isa nake iya karyawa. Sai dai duk mun zuba ido cikin daji, kwamiti da iyaye, alhali abin yana ƙarƙashin kujerar da take zaune.

Na biyu, yadda abin ya faru. Ummi ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Kullum takan shiga mota daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, daga nan ta hau acaba, domin mota ba ta shiga hanyar. Littafinku ya ce mace ta riƙe ɗan acaba guda wanda ta amince da shi. Ta riƙe Malam Sani, magidanci mai 'ya'ya huɗu, shekara guda yana kai ta yana ɗauko ta, bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Littafin ya ce ta sa hijabi mai tsawo har ƙasa don kada ta ja hankali. Ta sa. Ya ce ta zauna a karkace, ta bar tazara tsakaninta da mai tuƙi. Haka take zama, kamar kowace 'yar mutunci a ƙasar nan. Sannan, a shafin da aka ja wa layi, ya ce idan an fita gari an shiga inda ba mutane, ta ɗora jakar a cinya, ta sa hannun dama a ciki a kan kwalbar feshi, kada ta cire sai an ga gidaje.

To, Hajiya, hannun hagu yana riƙe da ƙarfen bayan kujera don kada ta faɗi. Hannun dama yana cikin jaka yana jiran ɗan fashi. Littafin bai faɗi inda za ta samo hannu na uku da zai tattare hijabin ba.

Da misalin ƙarfe takwas na safiyar wata Talata, a wata gangara, iska ta kaɗa gefen hijabin, sarƙar mashin ta kama shi, tayar baya ta naɗe. Ya fizgo ta ta wuya, kanta ya bugi ƙasa. Babu ɗan fashi, babu gudun ganganci. Manoman da suka rugo daga gona sun ce sai da aka sa wuƙa aka yanke ƙyallen kafin a raba ta da tayar. Sun kuma ce hannunta na dama yana cikin jakar. Yarinya ce mai bin umarni. Ni na tarbiyyantar da ita a kan haka.

Na uku, abin da na koyo daga baya, wanda ashe ba sirri ba ne. Malam Sani ya zo mini gaisuwa da karyayyen ƙashin kafaɗa, ya zauna a ƙasa. Da muka gama gaisawa na tambaye shi ko mashin ba ya zuwa da murfin sarƙa. Ya ce yana zuwa da shi, amma da wuya ka ga ɗan acaba ya bar nasa a jikin mashin, domin yana yin ƙara a hanyar burji, yana tara laka da damina, kuma in sarƙa ta saki sai an kwance shi kafin a ɗaure ta. Nasa yana gida a saman rumfa tun satin da ya karɓo mashin ɗin. Ya faɗi haka ne kamar mai faɗin abin da kowa ya sani, sai a tsakiyar maganar ya ji abin da yake faɗa.

Na je tashar Kurfi da kaina na zagaya. Maganarsa gaskiya ce. A nan na tarar da wata dattijuwa mai sayar da man gyaɗa tana shirin hawa. Kafin ta zauna sai ta tattaro hijabinta gaba ɗaya, ta murɗe, ta danne shi da cinya, sannan ta karɓi galan ɗinta. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta dube ni kamar na tambaye ta wa ya koya mata tauna, ta ce ai taya ba ta san malamar asibiti ba, ba ta san mai talla ba, abin da ta kama shi ke nan. Ta lissafa mini mata uku na garinsu da abin ya taɓa, ɗaya da tabo a wuya har yau. Wannan baiwar Allah ba ta iya karanta littafinku ba, kuma ina ganin hakan ya yi mata rana.

An ce mini kafin a haɗa jakar an ɗauko masana daga nesa, an yi kwana biyu ana tattaunawa a babban ɗakin taro. Daga ƙofar ɗakin zuwa inda mata ke hawa acaba, mai tafiya a ƙasa ba zai gaji ba.

Na huɗu, rabona a cikin laifin, don kada a ce na zo da yatsa a miƙe. Ina wurin bikinku na farko, a sahu na biyu, na kuma yi tafi. Ni na karanta wa Ummi littafin a tsakar gida, na ce ta kiyaye abin da ke ciki tun da masu ilimi ne suka rubuta. Hijabin ma ni na saya mata, na zaɓi mai tsawo, kuma ko gobe irinsa zan saya wa ƙanwarta, domin suturarta ba ta yi laifi ba. Shekara talatin ina koyar da kimiyya, ina zana wa yara yadda taya ke juyawa a allo. A mota na yi renon 'ya'yana, ban taɓa durƙusawa na dubi tayar mashin ba sai da ta ɗauke mini 'ya.

Na biyar, wakilin da kuka aiko ta'aziyya. Mun gode da zuwansa. Ya tunatar da ni cewa kwana ne ya ƙare, kuma ya yi gaskiya. Na yi imani Ummi ba za ta ƙara numfashi ɗaya a kan abin da aka rubuta mata ba. Sai dai na lura kwamiti bai dogara da wannan hujja ba lokacin da yake sayen usur. Kafin wakilin ya tashi ya tambaya a hankali ko tana ɗauke da jakar ranar, da aka ce masa e, sai ya rubuta wani abu a takarda. Ina zaton daga nan ne sunanta ya shiga jerin waɗanda suka amfana.

Ga abin da nake roƙo, Hajiya, kuma ba diyya a ciki.

A janye shafin da ya ce mace ta sa hannu a jaka alhali mashin na tafiya, tun kafin a raba zagaye na biyu. A maye gurbinsa da abin da mai man gyaɗa ta sani, da hoto, don wadda ba ta karatu ta gane. In za a yi jawabi a bikin, a ba irinta abin magana, ta hau mashin a gaban jama'a ta nuna.

A zauna da shugabannin 'yan acaba na Dutsin-Ma da Kurfi a kan mayar da murfin sarƙa, da sa ragar ƙarfe a gefen tayar baya. Kada a je musu da barazanar kamu, a je da mai walda. Na kai mashin ɗin Malam Sani an yi masa, tsakanin azahar da la'asar aka gama. Na san raga ba ta ɗaukar tambarin kwamiti yadda jaka ke ɗauka, ba ta kuma yin kyau a hoto. A daure.

A kuma sa wani ya bi jerin sunayen kafin a sake aika kati. Mahaifiyarta ce ta karɓi wannan a ƙofa.

Game da Nafisa, a daidai lokacin da nake rubuta wannan wasiƙa na yanke cewa za ta tafi. Ban gaya wa mahaifiyarta ba tukuna, kuma ban san da waɗanne kalmomi zan gaya mata ba. Malam Sani ne zai riƙa kai ta idan kafaɗarsa ta warke, domin a duk tashar babu wanda zai fi shi duban hijabin fasinja yanzu. Kafin nan ni zan riƙa raka ta Kurfi kowace safiya, in duba mashin ɗin da za ta hau. Ƙarfina ya tsaya a kan 'ya ɗaya. Sauran matan da za su karɓi jakarku ba su da uba mai ritaya da zai bi su tasha, ke suke da.

Ina roƙon Allah ya yi miki jagora a wannan aiki, ya ba ki ladan niyyarki, wadda ban taɓa shakkar kyanta ba. Allah ya jiƙan Ummi da sauran musulmi. Ya tsare 'ya'yanki a kowace hanya suka bi, ya kuma sa har ƙarshen rayuwarki kada ki san abin da ke sa dattijo ya tattare babbar riga ya durƙusa gaban tayar mashin.

Wassalam.

Mahaifin Ummi,
malamin makaranta mai ritaya,
Dutsin-Ma.