Muryata a Wayoyin Mutane

Litinin, 3 ga Maris
Sista ta asibitinmu ta roƙe ni in yi magana a bidiyon da za su riƙa tura wa mutane ta waya kan cutar ƙanjamau. Shekarata shida ina shan magani, ina ɗinkina lafiya lau, wai wa ya fi ni abin faɗa? Na ce to, amma ban da fuskata, ban da muryata. A gidanmu ba wanda ya sani, balle Yaya da ya riƙe ni tun rasuwar Baba. In ya ji, ban san da wane ido zai dube ni ba.

Alhamis, 6 ga Maris
An ɗauka. Zanen hoto suka sa a madadin fuskata, mai haɗa bidiyon kuma ya sauya muryar a kwamfuta.

Asabar, 15 ga Maris
Haushi kamar ya kashe ni. 'Yan matan da ke koyon ɗinki a shagona sun samu bidiyon, suna ta ƙyalƙyala dariya, wai murya kamar ta ɗan tsako. Daidai inda nake cewa a yi gwaji kafin aure, a yi amfani da kwaroron roba, nan suka fi kwaikwaya. Ƙaramarsu an kusa bikinta, kuma ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba.

Litinin, 17 ga Maris
Na koma na ce a mayar da muryata yadda Allah ya yi ta. Sista ta ce, "Kin tabbata? In ya fita ba ya dawowa fa." Na ce ba don a yi dariya na amayar da abin da ke cikina ba. Ban janye ba.

Laraba, 26 ga Maris
Sabon bidiyon ya shiga gari. A shago ba wadda ta yi dariya har ya ƙare, ba wadda ta iya kallona. Can ƙaramar ta ce, "Anti, gwajin nan da zafi?" Gobe zan raka ta.
Yaya dai shiru. Tsoro nake ji, gaskiya.

Juma'a, 28 ga Maris
Yaya ya zo shago, ya zauna a benci yana ta juya makullin motarsa. "Na ji wani saƙo," in ji shi. Na ce na sani, kuma ba zan sa a cire ba. Sai ya ce, "Duk shekarun nan ke kaɗai kike zuwa asibitin? Yaushe za ki koma? Ni zan kai ki."
Na ce ai ina da ƙafafuna. Amma na gaya masa ranar.